Wa zai karanta, kuma mi kake so ya yi?



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya tara mu lafiya. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Ina gaida malamanmu da iyayenmu da suka bar ayyukansu suka zo. Ina gaida shugabannin ƙungiya, na da da na yanzu. Ƴan'uwana matasa, maza da mata, waɗanda suka taso daga Madawa da Bangi da Sabon Gida, da na Buza da Karofan, da na Keita da Tamaske da Ibohaman, sannunku da hanya.

Masu shirya wanga taro sun ce in yi magana kan abin da ya shafi alƙalami, tun da ni ɗalibin jami'a ne, kuma na taso a lakwal mai harshe biyu, Hausa da Faransanci. Na zaɓi abu guda, shi ne gyaran takardar da aka rubuta don a shawo kan wani. Rubuta takarda daban, gyara ta daban, kuma gyaran ne muka fi yi wa sakaci.

Ku duba yawan abin da ƙungiya irin tamu take rubutawa a shekara: wasiƙar neman izinin taro, takardar neman taimako, sanarwar da za a karanta a masallaci ko a rediyon gari, saƙon WhatsApp, jawabin da shugaba zai yi gaban manya. Kowace daga cikinsu tana neman wani mutum ya yi wani abu. Da yawa kuma suna mutuwa a aljihun tebur, sai mu ce an raina mu don mu yara ne. Wani lokaci haka ne. Amma sau da yawa takardar ce ba ta san wanda take wa magana ba. In takarda ta faɗi, aikin da ke bayanta ya faɗi tare da ita, kuma mutanen da suka ba mu amana suna kallo.

Tambaya biyu kafin gyara

In ka gama rubutun farko, ajiye shi ya kwana. Da safe, kafin ka taɓa ko harafi guda, ɗauki wata ƴar takarda ka amsa tambaya biyu. Ta fari: wa zai karanta wannan, ko wa zai ji shi? Kada ka ce «jama'a». Kawo mutum guda a ranka, da shekarunsa, da harshen da yake tunani da shi, da abin da ya riga ya sani, da abin da yake tsoro. Ta biyu: in ya gama karantawa, mi kake so ya tashi ya yi? Amsar ta zama aiki da ido ke gani. Ya sa hannu, ya ba da mota, ya zo ran Asabar, ya bar ɗiyarsa ta ƙare kwaleji. In amsarka ita ce «ya gane muhimmancin abin», to ba ka gama tunani ba tukuna.

Duk sauran gyara daga waɗannan amsoshi biyu yake fitowa. Bari mu gwada da abin da kowa a nan ya sani.

Mu ɗauka akwai wani ƙauye a gindin dutse, irin waɗanda ke tsakanin Buza da Keita. Ruwan sama yana gangarowa daga fako, ya haƙa kwazazzabo, kowace damina yana ƙara cin ƙasa, yanzu ya kusa rijiya da gonakin da ke gabas da gari. Reshen ƙungiyarmu na garin yana so a jera duwatsu a sama don rage wa ruwan ƙarfi, a sa ragar waya cike da duwatsu a bakin kwazazzabon, kuma a gama kafin ruwan farko. Ana bukatar babbar mota ta ɗibar dutse, da ma'aikacin da ya san aikin ya zo ya auna, da yardar masu gonaki, da hannuwa, da kuɗin waya.

Aka ba wani ɗalibi irina ya rubuta. Ga irin abin da kan fito:

«Kamar yadda kowa ya sani, ɗumamar yanayi ita ce babbar barazanar da ke fuskantar duniya a ƙarni na 21, musamman ƙasashen Sahel. Abin takaici, al'ummarmu ba ta waye ba, hukumomi kuma sun yi ko-in-kula. Don haka muna kira ga duk masu ruwa da tsaki da su tashi tsaye don ceto muhalli.»

In mushe ne zai duba wannan a aji, wataƙila ya ba da maki mai kyau, don babu kuskuren nahawu. Amma ku lura. Kwazazzabon da ya sa aka ɗauki alƙalami bai fito ba ko sau ɗaya. Mutum biyun da muke bukata, talaka da hukuma, duka an zage su a jimla guda. «Masu ruwa da tsaki» ba sunan kowa ba ne, don haka ba wanda zai ji da shi ake. Kuma «tashi tsaye» ba aiki ba ne da za a ce an yi ko ba a yi ba.

Magana guda, masu sauraro biyar

Mu fara da hukuma. Tun watan Afrilu na 2024 da aka rushe majalisun ƙananan hukumomi, kantomomi ne ke riƙe da ma'aikatun magajin gari. Gyara na farko ke nan: ka tabbatar da muƙamin wanda kake rubuta wa, kada ka kwafi kan tsohuwar wasiƙa. Mutumin nan takardu da yawa ke jiran sa, kuma kowace kuɗi take nema. Abin da yake so ya sani cikin minti guda shi ne: ina ne wurin, mi ake so daga gare shi, nawa zai ci, su wa ke bayan maganar. To, a ba shi shafi guda. Layin farko ya faɗi bukatar: aron babbar mota kwana biyu, da turo ma'aikacin da zai auna wurin. Sannan hujja. Ku je da igiya ku auna tsakanin bakin kwazazzabon da rijiya, ku rubuta mita nawa kuka samu da ranar da kuka auna, ku haɗa da hoto. Ku faɗi abin da ku kuka ɗauka: hannuwa namu ne, kuɗin waya muna tarawa. Kowace ƙaramar hukuma tana da kundin tsarin rayawa na shekaru. Ku nemi a nuna muku. In farfaɗo da ƙasa yana ciki, ku ambata, don kun ba shi ƙofar da zai bi ya ce to. A ƙasa sunan wanda za a kira, da sa hannu, da hatimin ƙungiya. In kun kai, ku roƙi magatakarda ya buga muku shaidar karɓa a kan kwafinku. Kalmar «ko-in-kula» kuwa, a soke ta. Ba a zagin mutum da hannun dama ana miƙa masa ƙoƙon bara da hagu.

Na biyu, maigari da dattawa. Nan takarda ba ta da ƙafa, baki ne zai je. Amma abin da bakin zai faɗa shi ma a rubuta shi, a gyara, a san wa zai yi magana da wa zai raka shi. Dattijon da ya yi damina sittin a wurin ba ya bukatar ɗan jami'a ya gaya masa ƙasa na zaizayewa. Shi ya san inda ƙoramar take tun ba a haife mu ba. Don haka sanarwa ta koma tambaya. Bayan gaisuwa, sai a ce: «Baba, ku kunka ga inda ruwan ga ke bi tun kuna samari, mu ba mu gani ba. Mun zo ku nuna muna inda ya kamata a tare shi, in kun yarda mu sa ƙarfinmu.» Kun ji bambanci? Bukatar ba ta canza ba, amma yanzu dattijo yana cikin aikin, ba a gefe ana yi masa lacca ba. Akwai kuma tambayar da mai gona ba zai yi a bainar jama'a ba, amma ita ce a ransa: in an jera duwatsu a gonata, gobe wani ba zai ce nan ce iyaka ba? Kada ku jira ya tambaya. Ku faɗa gaban maigari da liman cewa gona ta mai ita ce, dutse ba ya canza iyaka.

Na uku, iyayenmu mata da ƴan'uwanmu mata. Su ne ke bin hanyar rijiyar nan safe da marece, su za su fara sanin ranar da ta rufta. Maganar da za ta shige su ita ce ta ruwa da nisan tafiya. A bar ƴan'uwanmu mata na ƙungiya su gyara wannan saƙo, su kuma kai shi, don sun fi mu sanin lokacin da ba daka ba ne, ba kasuwa ba ne, da kuma wadda in ta ce to sauran za su biyo.

Na huɗu, mu kanmu matasa, a WhatsApp. Kowa ya san yadda yake wuce dogon saƙo da yatsa. Layi huɗu sun isa: «Asabar, bayan sallar asuba, bakin rijiyar gabas. Ka zo da diga ko shebur in kana da shi. Aiki har azahar, akwai fura. Ka rubuta ‹ina zuwa› kafin daren Alhamis.» A bi shi da saƙon murya da bai kai minti guda ba, saboda waɗanda karatun boko bai zauna musu ba. Tarihin ɗumamar yanayi ya jira ranar muhawara.

Na biyar, ƴan'uwanmu da ke cin rani a Abijan da Akara da Kumasi da Legas, da waɗanda ke Libiya da Aljeriya. Su ne za su aiko da kuɗin waya. Mutumin da ya yini yana tura baro ko yana dakon albasa a ƙasar mutane ya san zafin kowace dala. Ba ya shakkar kwazazzabo, gidansu ne. Abin da yake shakka shi ne hannun da kuɗin zai shiga. To, saƙonsa ya faɗi jimlar da ake nema, da abin da aka yanka wa kowa, ko jika biyu ne ko biyar, da sunayen mutum biyun da za su riƙe kuɗin, da ranar da za a sanya lissafi a zauren kowa ya gani. Kuma a cika, don saƙon da za ku aika baɗi yana rataye da wannan.

Abin da ƙasarmu ta riga ta koya mana

Wannan misali na ƙirƙira shi ne, amma tambayoyin da ke ƙarƙashinsa tarihinmu ne.

A 1975 aka soma shuka layukan dogon yaro a kwarin Magiya, nan ƙasar Buza, da haɗin gwiwar ma'aikatan gandun daji da ƙungiyar CARE, don tare iskar da ke kwashe ƙasa tana binne shuka. Aikin ya yi suna har a ƙasashen waje, kuma binciken da aka yi ya nuna hatsi ya fi yi a gonakin da ke bayan layukan. Amma a wancan zamani dokar daji ta sa manomi yana ganin itace na gwamnati ne, ko da a gonarsa ya tsiro, kuma in ya sare ba izini yana iya shan tara. Don haka mai zuwa da zancen shuka itace yana maganar iska, manomi yana lissafin wani abu daban: inuwar nan za ta ci mini wani ɓangare na gona, to in itacen ya girma, na wa ne? Wannan tambaya ta daɗe tana bin aikin itace a Nijar duka. A 2020 gwamnati ta fitar da dokar da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itatuwan da ya raina a gonarsa. Yau in za ka rubuta wa manomi kan barin itace a gona, ka manta da wannan doka, ka bar hujjarka mafi ƙarfi a gida.

Sai aikin Keita, wanda aka fara a 1984, lokacin babban fari, da kuɗin ƙasar Italiya, FAO na gudanarwa, Hukumar Abinci ta Duniya kuma na ba masu aiki abinci. An haƙa ramuka a jikin duwatsu, an yi gandari a kan fako, an gina madatsan ruwa, an shuka itatuwa da aka ƙiyasta sun kai miliyan 18 cikin wajen shekara ashirin. Mafi yawan masu ɗaukar dutsen mata ne, saboda maza sun tafi cin rani. Kakanninmu da iyayenmu ne. Mi wannan ke nufi ga mai rubutu yau? Abu biyu. Na ɗaya, in ka je Keita ko Tamaske ko Garhanga ka ce «al'ummarmu ba ta waye ba» a kan gyaran ƙasa, ka faɗi abin da ba gaskiya ba ne, kuma tsohuwar da ke zaune a bayan taro ta fi ka sanin nauyin dutse. Ka fara da abin da suka yi, sannan ka nemi ƙari. Na biyu, a wuraren nan in an ce aikin duwatsu, abin da ke faɗo wa mutum shi ne rabon abinci ko biyan kuɗi, don haka aka saba. In aikinmu gayya ce, babu biya, dole saƙon ya faɗa ƙarara tun farko. In ka yi shiru don mutane su zo da yawa, za su zo ranar fari, su koma da fushi, kuma ba za su sake amsa kiranka ba.

Kun ga ashe sanin mai sauraro ya wuce sanin shekarunsa. Ya haɗa da sanin abin da ya faru a garinsu kafin ka zo.

Magabata sun yi haka

Kada wani ya ɗauka wannan dabarar Turawa ce da muka kwaso a jami'a. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta kusa da Galmi a 1754, littattafansa na malamai da Larabci ya rubuta su, amma in ya fita wa'azi a Gobir da Zamfara da Kabi, da Hausa da Fulatanci yake yi. Ɗiyarsa Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta yi rubutu da harsunan uku. In da malamai take, Larabci. In matan karkara take nufi, sai ta tsara abin cikin waƙar Hausa ko Fulatanci, don a haddace ba sai da takarda ba, ta ba jajoji su kai wa Ƴan Taru gari gari. Har waƙoƙin da aka riga aka yi da Fulatanci ta mai da su Hausa, saboda masu sauraro sun ƙaru, kuma da yawansu Hausa suke ji. Ilimin bai ragu ba, tufar da aka sa masa ce ta canza.

Akwai kuma darasi ga mai rubuta wa na gaba da shi. Malam Jibrilu ɗan Umaru, wanda kabarinsa ke nan kusa da Madawa, malamin Shehu ne. Shehu ya saɓa masa a wata babbar mas'ala, ta hukuncin mai aikata manyan zunubai, kuma ya rubuta saɓanin a fili da hujjojinsa. Amma bai daina yabon malaminsa da ambaton falalarsa a kansa ba. Ashe ana iya gaya wa babba «a nan ban bi ka ba» a takarda, ba tare da an zubar masa da girma ba. Mu da ke rubuta wa iyaye kan auren wuri, ko kan barin yarinya ta ci gaba da karatu, muna bukatar wannan ƙwarai.

Tarkon mai harshe biyu

Yanzu bari in yi magana da ƴan'uwana ƴan lakwal, da na Faransanci da na Larabci. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma kundin da aka kafa a watan Maris na 2025 ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Ma'ana, rubutu da Hausa zai ƙara yawa a kanmu, kuma mu za a duba. Amma akwai tarko. Mukan yi tunani da Faransanci mu zuba shi cikin kalmomin Hausa, sai jimla ta fito doguwa, kai a gabas wutsiya a yamma. Wasiƙar ofis ta Faransanci tana da ladabinta, da yadda ake buɗe ta da yadda ake rufe ta, kuma in ofis za ta, a bi wannan ladabi sosai. Amma in ka fassara shi kalma da kalma ka karanta a gindin bishiya, dariya za a yi. Haka wanda ya yi karatun Larabci, in ya cika sanarwar gayya da kalmomin da sai almajirin da ya yi nisa ke ganewa, ya burge mutum uku ya bar mutum ɗari.

Hanyar fita ita ce kada ka fassara takardar. Rufe ta, ka tuna abin da take nema, ka faɗe shi da baki kamar kana gaban mutumin, sannan ka rubuta abin da bakinka ya faɗa. Ka kuma kula da wace Hausa. Hausar littafi tana da wurinta, amma in rediyon gari za a karanta, Hausar Adar da ta Gobir da mutane ke ji a gida ta fi saurin shiga. Akwai dattawan da ba su karanta boko amma suna karanta ajami sarai, kwafi guda da ajami yana iya buɗe ƙofar da kwafi goma na boko ba su buɗe ba. Kuma ƙasarmu ba ta Hausawa kaɗai ba ce. In maganar ta shafi rijiya ko burtali ko makiyaya, Buzaye da Fulani suna ciki. A nemi ɗan ƙungiya mai jin Tamajak ko Fulatanci ya kai saƙon da harshensu, tun ana shawara, ba sai an gama yanke magana ba.

Abin da ba a gyarawa

Wani zai ce, to wannan ba fuska biyu ba ce, ka gaya wa kowa abin da yake so ya ji? Tambaya ce mai kyau, kuma ga iyakar. Abin da ake canzawa shi ne harshe, da tsawo, da abin da aka sa a gaba, da misalin da aka kawo. Abin da ba a taɓawa shi ne gaskiyar magana. In mita talatin kuka auna, talatin ne a takardar kantoma, talatin ne a saƙon ƴan cin rani. Ba a mai da shi goma don a tsorata mutane su ba da kuɗi. In ba biya, ba biya a duka biyar ɗin. In ba ku da tabbacin mota, kada ku ce an ba ku. Ga ma'auni mai sauƙi: a ce mutanen nan biyar sun haɗu a kasuwar Tamaske, kowa ya fito da abin da aka gaya masa. In za ka iya tsayawa a tsakiyarsu ba ka sunkuyar da kai ba, gyaranka halal ne. In akwai wanda ba ka so ya ga takardar wani, ka koma ka duba, akwai abin da ya karkace. A garuruwanmu magana ba ta ɓoyuwa, kuma sunan ƙungiya shi ne jarinta.

Yadda za mu riƙa yi

Ga abin da nake ba da shawara, kowane reshe ya gwada daga takardarsa ta gaba.

Bayan ka amsa tambayoyin nan biyu, nemo jimlar da ke ɗauke da bukatarka. Sau da yawa tana can ƙasa, bayan dogon share fage. Ɗauko ta ka kawo sama, sai fa in da manya kake magana baki da baki, inda gaisuwa da neman izini ke gaba. Sannan bi hujjojinka ɗaya bayan ɗaya, kana tambaya: wannan ni ta gamsar, ko shi za ta gamsar? Wadda kai kaɗai take wa daɗi, cire ta, ko da ita ce ka fi wahala a kanta. Rubuta abin da mai karatu zai ce don ya ƙi, ka ba shi amsa cikin ladabi kafin ya faɗa. Duk inda ka sa «da yawa» ko «kwanan nan» ko «nan gaba kaɗan», duba ko za ka iya sa adadi ko rana. Duk kalmar da za ta sa mutum ya ji an raina shi, soke ta. Daga nan karanta da ƙarfi. Inda numfashinka ya yanke, jimlar ta yi tsawo. A ƙarshe, ba wani mai kama da wanda za a aika wa. In ta dattawa ce, karanta wa kawunka. In ta mata ce, karanta wa yayarka. Kada ka tambaye su ko ta yi kyau, don za su ce ta yi, kunya ce. Ce musu: mi kuka ji ana so ku yi? In amsarsu ta yi daidai da abin da ka rubuta a ƴar takardar nan ta farko, aika. In ba ta yi ba, laifin ba nasu ba ne, koma kan tebur.

Duk wannan yana cin lokaci, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Takardar da ake so ta yi aiki kafin damina, tun sanyi ake fara ta.

Ina kuma roƙon shugabanni abu biyu. Kada wata takarda ta fita da hatimin ƙungiya sai mutum na biyu ya karanta ta da idon wanda za a kai wa. Kuma kowane reshe ya ajiye kundi guda, a riƙa sa kwafin duk abin da aka aika, a rubuta a gefe abin da ya biyo baya, an amsa ko ba a amsa ba, kuma don mi. Bayan ƴan shekaru ƙannenmu za su tarar da makaranta a cikin kundin nan, ba sai sun fara daga inda muka fara ba.

Ƴan'uwa, yawancinmu ba mu da kuɗi, ba mu da muƙami. Abin da Allah Ya ba mu shi ne mun iya karatu da rubutu a garuruwan da mutane da yawa ba su samu wannan dama ba, kuma in za a rubuta wa hukuma ko a aika wa na nesa, mu ake kira. Amana ce. Kafin ka miƙa takardar da gari ya ɗora maka, ka ba ta dare guda da karatu na biyu.

Allah Ya sa albarka a ƙungiyarmu, Ya jiƙan waɗanda suka kafa ta suka riga mu gidan gaskiya, Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.